Jan Ambulan a Hanyar Hualien

Butar shayin da Baba ya fi ƙauna a duniya, ita ya ɗauka ya maka da bango. Ta tarwatse a gabana, ganyen shayi har cikin gashina.

"Mai wankin ƙashin matattu?" ya ce. "Duk samarin da ke Tainan, Wan-ju, ki rasa wanda za ki kwaso mini sai mai tone kaburbura?"

"Baba, sana'a ce fa. Kai ma A-Tek ɗin ka kira lokacin da za a kwashe ƙasusuwan Kaka a sa a tulu. Har shayi ka zuba masa da hannunka."

"Shayi na ba shi, ban ba shi 'ya ba! Hannun da ya wanke ƙwarangwal ba zai taɓa ɗiyata ba. In mata yake so, ya je can inda yake aiki ya zaɓa, suna nan kwance birjik."

Na buɗe baki zan ƙara, sai ji na yi tas! Yayana Hiong ya ɗauke ni da marin da sai da na ga gilmawar wuta.

"Baba yana magana kina magana? Fitsararriya."

Mama tana bakin kicin, ta toshe baki da gefen riga tana kuka. Kukan ne kawai nata a gidan nan, shi ma a hankali take yin sa.

Wanda suke so in aura shi ne Kuo-hao, abokin Yaya Hiong, ɗan mai manyan motocin kwasar tsakuwa. Ƙato ne mai wuya kamar turmi, kullum bakinsa cike da binlan, goron ƙasarmu, yana tsartar da jan yawu. Ranar da ya fara zuwa gidanmu ya kalle ni sama da ƙasa ya ce da Yaya, "Za ta yi." Sai ka ce taya ya zo saye. Baba kuwa har ya sa a yi kek ɗin baiko, ya ce da zarar an gama hutun Bikin Wata za a raba wa dangi.

To, ni ma 'yar Baba ce, taurin kan a nonon gidan na sha.

Ranar da aka fara hutu na ce da su zan bi abokan aikina yawon shan iska. Na fita da 'yar jakata, na sha kwana, ga A-Tek yana jirana a cikin shuɗiyar a-kori-kurarsa. Shawararmu mai sauƙi ce: mu tsallaka duwatsu mu faɗa gabas, mu bi hanyar bakin teku a hankali har Hualien, inda gwaggonsa take. Ranar da ofisoshi suka buɗe mu je a rubuta aurenmu. In ya so Baba ya raba kek ɗinsa ga kifayen tafkinsa.

* * *

Ban taɓa jin daɗi irin na wannan tafiya ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Daga Taitung muka miƙa arewa, duwatsu kore shar a hagunmu, teku a damanmu, shuɗi har ya gaji da shuɗi ya koma baƙi can nesa. Na zuge gilas, na ɗora ƙafafuna a gaban mota, iska tana wasa da gashina. A-Tek yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana karɓar ɓaren gwandar da nake miƙa masa.

"Sauke ƙafar nan, 'yar masu kifi. Motar aiki ce."

"Fasinjojinka sun taɓa yin ƙorafi?"

"Fasinjojina masu ladabi ne. Ba sa cinye mini gwanda, ba sa canja mini waƙa."

"To koma ka ɗauko su."

Ya yi dariya har da buga sitiyari. A-Tek siriri ne, rana ta gasa shi, yana da dogayen yatsu masu taushi da za ka rantse bai taɓa riƙe shebur ba. Mutane suna ƙin gaisawa da shi hannu da hannu. Ni kuwa hannun nan ne ya fara sace mini zuciya, ranar da na ga yadda ya ɗauki ƙashin Kaka yana goge shi kamar mai yi wa jariri wanka, yana ce mata, "Sannu Kaka, yanzu za mu gama."

Mun ci gasasshen kifi a tsaye a bakin hanya. Mun tsaya a gadar nan mai tudu-tudu ta Sansiantai, ya ɗauke ni hoto iska ta kife mini hula. Da daɗi ya yi mini yawa, sai na tura wa Mama hoton, don ita kaɗai nake kewa.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Wan-ju," in ji Mama, muryarta a dushe. "Wan-ju, me kika yi mini?"

"Mama, lafiya?"

"Inuwar wa ke ƙasa a hoton nan? Babanki ya ƙwace wayar ya gani. Dama tun jiya ya kira wurin aikinku, sun ce babu wata tafiya. Tun lokacin Hiong da Kuo-hao suka fita nemanki, suna can gabas suna bin masauki-masauki, yanzu kuma ga shi kin nuna musu inda kike."



"Ki dawo, 'yata. Ki hau jirgin ƙasa ki dawo ke kaɗai, ni zan durƙusa wa Babanki. Ki rabu da yaron nan tun ba su same shi ba. Na ga abin da Kuo-hao ya sa a bayan mota."

"Mama, ke ma kina so in auri wancan?"

Ta fashe da kuka. "Abin da nake so ya taɓa yin amfani a gidan nan? Ni dai kada a kashe ɗan mutane saboda ke. Shi ma uwa ce ta haife shi."

"Ba zan dawo ba, Mama."

"Wan-ju!"

"Ki yafe mini. In na dawo, gawata za ku kai gidan Kuo-hao."

Na kashe wayar gaba ɗaya, na kifa kai a gwiwa na yi kuka mai isata. A-Tek ya ci gaba da tuƙi. Da muka bar yankin Chenggong, garin masu sukar kifi da mashi, hanya ta hau kan wani tsauni, sai ya ratse a wani ɗan fili mai shingen ƙarfe inda matafiya ke tsayawa kallon teku.

"Sauko ki wanke fuska," ya ce. "Hualien ba ta gudu."

Babu mota ko ɗaya a wurin. Ƙasa can, igiyar ruwa tana dukan baƙaƙen duwatsu tana tashi fari fat. Na taka zan je bakin shinge, sai ya fizgo ni baya da ƙarfi.

"Kula da ƙafarki."

Jan ambulan ne irin na wasiƙa a ƙasa, sabo fil, an danne gefensa da ɗan dutse don kada iska ta ɗauke.

"Kai! Har yanzu ana yin wannan?"

"Ana yi mana. Kada ki juya da sauri, dubi bayan kurmin can."

Na saci kallo. Can cikin inuwar itatuwa, hancin wata tsohuwar motar kifi ya leƙo. Wata tsohuwa tana zaune a kan kujerar roba ƙarƙashin lema, wasu ƙarti suna tsugune kusa da ita suna shan taba. Duk idonsu a kanmu.

"'Yarsu ce ta rasu ba ta yi aure ba," in ji A-Tek a hankali. "Ba ta da gidan da za a kunna mata turare, gidan ubanta kuma ba a ajiye budurwa a teburin kakanni. Miji suke nema mata. Duk namijin da ya ɗauka, ya zama angonta."

"Ai sai ya ce bai sani ba, ya ajiye musu kayansu."

Ya girgiza kai, ba alamar wasa a fuskarsa. "Wasu suna yi. Ni na ga ƙarshen masu yi. Ba a yi wa matacce alkawari a janye, Wan-ju. Wanda ya ɗauka ya ɗauka."

Ya haɗa hannuwa ya ɗan rusuna wa ambulan ɗin. "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, an riga ki. Naki yana hanya."

"Ka dai kiyaye," na ce, ina share hawaye ina murmushi. "Na ga kana yi mata kallon sha'awa."

Bai samu ya ba ni amsa ba.

* * *

Ƙarar taya muka fara ji, sannan gwaram! Wata baƙar mota ta shigo filin a guje ta daki bayan a-kori-kurar, ta tura ta har ta bugi shinge. Gilasai suka zube. Ƙofofi suka buɗe a tare.

Yaya Hiong ne ya fara fitowa. Sai Kuo-hao, da wasu direbobin ubansa guda biyu, kowanne riƙe da kulkin ƙwallo irin na ƙarfe.

"Gudu!" in ji A-Tek, ya tura ni bayansa.

Gudu zuwa ina? Gaba teku, baya su.

"Yaya Hiong," A-Tek ya ce, ya ɗaga hannuwa sama, "mu yi magana. Ni ne mai laifi, ita ba..."

"Wa ye yayanka, ɗan kabari?"

Kulkin farko a ciki ya same shi. Ya tanƙware, na biyu ya sauka a gadon bayansa, ya kife. Na yi kururuwa na yi kansa, Yaya ya cafko gashina ya naɗe a hannu ya ja ni baya, har na ji fatar kaina za ta ɗaye.

"Tsaya ki kalla," ya ce a kunnena. "Ke kika jawo masa."

Suka rufe shi da duka. Ƙafa, haƙarƙari, kafaɗa, duk inda kulki ya samu. A-Tek ya dunƙule ya rufe kai, bai yi ihu ba, sai wani nishi da yake fitarwa duk lokacin da ƙarfe ya sauka. Kuo-hao ya tofa masa jan yawu a wuya, ya sa takalmi ya take masa hannun dama a kan kwalta.

"Da wannan ka taɓa mini mata?"

"Kuo-hao, kada ka yi! Na roƙe ka! Zan bi ku, na rantse zan bi ku!"

"Ai dama za ki bi mu."

Ya ɗaga kulki ya sauke. Na ji ƙarar, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Wannan karon A-Tek ya yi ihu.

Na juya wajen kurmin nan na ƙwala kira da duk ƙarfina.

"Jama'a ku taimaka! Inna! Za su kashe shi! Ku taimaka mana!"

Ƙartin sun miƙe tsaye, na gan su. Ɗaya ma har ya yi taku biyu. Tsohuwar ta ɗaga hannu, ya tsaya. Suka tsaya suna kallo kamar masu kallon wasa. Tir! Amma me zan ce? Rigimar gidan wasu ce, da baƙar mota mai lambar wani gari. Wa zai sa kansa?

"Ya isa haka," in ji Yaya Hiong. "Kuo-hao, ya ji a jikinsa. Mu tafi."

"Ya isa?" Kuo-hao ya juyo, idanunsa jajur. "Kwana biyu yana yawo da matar da aka yi mini kek da sunanta. Duk Tainan za su yi mini dariya, ka ce ya isa?" Ya nuna shinge da kulki. "Ku ɗago shi. Mota ta ƙwace masa, ya fito ya zame. Kullum ana yi a hanyar nan."

"Ba mu yi haka da kai ba!"

"To ka hana."

Yaya bai hana ba. Hannunsa yana nan a gashina, bai motsa ba. Direbobin suka kama ƙafafun A-Tek suka fara jan sa a ƙasa zuwa bakin shinge, jini yana bin sawunsa.

A nan idona ya faɗa kan jan ambulan. Yana nan inda yake, ɗan dutsensa a kai. Duk wannan turmutsitsin babu wanda ya taka shi, har su Kuo-hao kewaye shi suke yi. Kuma ta gefensa za su ja A-Tek su wuce.

Na kalli ambulan, na kalli ƙartin da ke bakin kurmi.

Ba ruwansu da baƙo. Amma surukinsu fa?

"A-Tek!" na ƙwala. "Ɗauki ambulan ɗin!"

Ya ɗago kai da ƙyar, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Ya gane abin da nake nufi sarai. Ya girgiza mini kai.

"Ka ɗauka!"

"A'a..." Jini yana fita ta bakinsa. "Wan-ju... a'a."

"Ka ɗauka na ce! So kake in tsaya ina kallo a jefa ka? Wa zai kwashe naka ƙasusuwan a cikin tekun nan? In kana ƙaunata ka ɗauka! In ba ka ɗauka ba, na rantse da kabarin Kaka, bayanka zan bi in faɗa!"

"Rufe mata baki!" in ji Kuo-hao.

Yaya ya toshe mini baki da tafin hannu, na gantsara masa cizo har sai da haƙorana suka haɗu da ƙashi. Ya sake ni da ashar.

"A-Tek!"

Ya kalle ni. Hawaye ne ko jini ke bin fuskarsa, ban sani ba. Daidai lokacin da suka ja shi ta wurin, ya miƙa hannun hagu, ya ture dutsen, ya damƙe jan ambulan ya ɗaga shi sama.

Direbobin suka saki ƙafafunsa kamar sun taɓa wuta.

Sai muryar tsohuwar nan ta tsaga wurin, siririya, mai kaifi.

"Ya ɗauka! Ya ɗauka! Me kuke jira? Mijin ƙanwarku ake kashewa!"

* * *

Ban san mutum yana iya gudu haka da takalmin roba ba.

Su huɗu ne, baƙaƙe wuluk saboda rana, damatsa kamar na masu dambe. Ɗaya da ƙugiyar jawo kifi, ɗaya da sandar mashi, sauran da abin da hannunsu ya samu. Suna tafe suna ihu, "Suruki! Riƙe, suruki, ga mu nan!"

Direba na farko bai gama ɗaga kulki ba sandar mashi ta same shi a muƙamuƙi, haƙora suka watse a kwalta. Na biyu ya zubar da nasa ya ranta a na kare, ya bi titi. Kuo-hao ya kai wa babbansu duka, mutumin ya goce kamar mai kauce wa igiyar ruwa, ya sakar masa ƙugiya a cinya ya fizgo. Ƙaton nan ya zube yana kururuwa kamar alade a mahauta.

"Kai ne mai karya hannu?" in ji babban. Ya take masa wuya da takalmi. "Ka san hannun wa ka karya?"

Suka yi masa ligi-ligi. Ban ji tausayinsa ba ko na ƙwayar shinkafa, in na ce na ji na yi ƙarya. Ƙaraminsu ya hau kan baƙar motar ya dinga dukan gilas har ba sauran na fasawa.

Sai suka juyo kan Yaya Hiong.

Naushi ɗaya hancinsa ya fashe. Ya faɗi, suka bi shi da ƙafa. Na ga mai mashi ya juya sandar ya ɗaga ta saitin kansa, ban san lokacin da na faɗa a kan Yaya na rufe shi da jikina ba.

"Yayana ne! Ku bar shi, yayana ne!"

"Wanda ya ja ki da gashi?"

"Shi ne. Ku bar mini shi."

Mutumin ya tofar da yawu gefe, ya sauke sandar.

Da na ɗago, tsohuwar ta riga ta iso wurin A-Tek. 'Yar ƙarama ce, ta tanƙware, gashinta fari fat. Ta zauna dirshan a kwalta ta ɗora kansa a cinyarta, tana goge masa jini da gyalenta. Ambulan ɗin yana damƙe a hannunsa, bakinsa ya yage, wani dogon baƙin gashi ɗaure da jan zare ya leƙo waje.

"Sannu ɗana," take cewa. "Sannu. Ka ga yadda suka yi maka. Tun safe muke nan, jiya ma haka, shekaranjiya ma haka, kowa ya zo sai ya tsallake ta kamar kashi. Ashe kai take jira."

"Mama, asibiti," in ji babban ɗanta. "Yana zubar da jini."

"Kawo motar. Kafin ka juyo na tambayi ƙanwarka."

Ta buɗe jakarta ta fito da hoto a firam, ta jingina shi da shinge. Budurwa ce kamar ni, mai faɗin goshi, ba ta murmushi. Tsohuwar ta kunna turare ta soke a tsagar kwalta.

"Sunanta Chiu-yue," ta ce da A-Tek. "A ƙasan nan ruwa ya ɗauke ta tana tsintar kawa. Tun daga nan kullum sai ta zo mini a mafarki, jiƙe sharkaf, tana kuka, wai sanyi take ji, wai ba ta da ƙofar shiga."

Ta zaro pue daga aljihu, 'yan katakon nan biyu jajaye masu siffar jinjirin wata da muke tambayar na ɓoye da su. Ta kewaya su a hayaƙi.

"Chiu-yue, ga wanda ya ɗauka. Kin karɓe shi?"

Ta saki. Ɗaya a kife, ɗaya a rigingine. Ta karɓa.

Ta sake jefawa, haka. Ta jefa na uku, haka. 'Ya'yanta suka yi sowa, ɗaya ya durƙusa ya dafa kafaɗar A-Tek yana kiransa ƙanensa. Ni kuwa ji na yi kamar da kulkin nan ake dukan ƙirjina.

Sai a lokacin tsohuwar ta ɗago ta dube ni sosai.

"Ke kuma 'yar nan, mece ce ke a wurinsa?"

Kafin in haɗa kalma, A-Tek ya motsa leɓɓansa da suka fashe.

"Matar da zan aura ce, Inna."

Fuskokin ƙartin suka canja nan take. Mai mashi ya matso.

"Wato wasa ka yi da ƙanwarmu? Ka ɗauka don mu cece ka, ka warke ka watsar?"

"Ban... ban yi wasa ba." Yana numfashi da ƙyar. "Na san abin da na ɗauka. Zan kai ta gidana, zan kunna mata turare safe da yamma har in mutu. Amma wannan... wannan ce..."

Tari ya sarƙe shi, ya kasa ƙarasawa.

Na rarrafa na durƙusa gaban tsohuwar, na kama ƙafafunta.

"Inna, ni na ce ya ɗauka. Kin ji da kunnenki. Ban yi don raini ba, kashe shi za su yi. Na bar gidanmu saboda shi, na bar uwata tana kuka, ba ni da inda zan koma. Ai ana yi, Inna, kin sani ana yi. 'Yarki ce babba, ita ce gaba, ni ta biyu, ni zan dafa mata abinci ranar tunawa da ita, 'ya'yan da zan haifa su kira ta uwa. Ki bar ni in bi shi."

Ta daɗe tana kallona. Babu mugunta a idonta, gara ma a ce akwai.

"Ba ni ke da miji ba, 'yar nan," ta ce. "Mai shi ga ta can. Tambaye ta da bakinki."

Ta sa mini pue a hannu. Suna da ɗumi, sun yi santsi saboda yawan riƙo.

Na juya ga hoton. Yaya Hiong yana zaune jingine da taya, ya riƙe hanci, yana kallona. Kuo-hao yana nishi can gefe. Motar kifi ta iso ta tsaya, injinta yana kaɗawa.

"Yaya Chiu-yue," na ce. "Ba ki san ni ba. Sunana Wan-ju. Ke kika cece shi yau, na gode, har abada na gode. Ban zo ƙwace ba. Gefe kawai nake roƙo, ɗan gefe. Kin san yadda sanyi yake in mutum ba shi da ƙofar shiga. Kin yarda in aure shi?"

Na rufe ido na saki.

Ƙwal, ƙwal.

Na buɗe ido.

Ba ɗaya-da-ɗaya ba ne, da ta yarda. Ba su kife duka ba, da ta ƙi, in san na rasa. Duka biyun a rigingine suka faɗi, suna lilo a kan doronsu, suna kaɗawa, suna kaɗawa, sun ƙi tsayawa.

"Dariya take yi," in ji ƙaramin ɗan, a hankali.

Na kai hannu da sauri zan kwashe in sake jefawa, tsohuwar ta riga ni, ta rufe su da tafin hannunta.

"Inna, sau ɗaya kawai! Ba ta ba ni amsa ba! In sake sau ɗaya!"

"Ba a matsa wa amarya ranar da ta samu miji."

Ta mayar da su aljihu. Hawaye suna zuba a kumatunta, amma fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir. Ta ɗauki hoton ta rungume a ƙirji.

"Kun gani?" ta ce da 'ya'yanta. "Kun ga ƙanwarku? Tun da ruwa ya ɗauke ta ban ga dariyarta ba sai yau."

Suka ɗaga A-Tek cak, suka shimfiɗa shi a bayan mota a kan tarun kamun kifi. Yana kiran sunana, yana ƙoƙarin tashi, suna danne shi a hankali suna cewa, "Kwanta, suruki, kwanta." Na kama ƙarfen motar zan hau, babban ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ba da ƙarfi ba.

"Dangi kawai," ya ce.

Tsohuwar ta hau ta zauna kusa da kansa, ta ajiye hoton a gefen kafaɗarsa, ta buɗe lema ta yi musu inuwa su biyu. Motar ta hau titi ta nufi Chenggong. Na bi ta da gudu ba takalmi ina kiran A-Tek, har ta sha kwanar tsaunin.